A Gidanmu Ba A Faɗin Ranar Tafiya

A gidanmu ba a faɗin ranar tafiya. Idan Talata za mu tashi, Alhamis za mu ce wa maƙwabta, idan kuwa Kano muka nufa, sai a ji mun ce Minna. Ba ma sallama da kowa. Mama ce ta kafa dokar, ta kuma yi mata rassa: ba a fita da akwati ido na gani, ba a kwashe shanya, kuma dole a bar takalma a bakin ƙofa yadda mai leƙe zai ɗauka masu gida suna ciki. Waya ma a kashe take har sai an kwana biyu da isa. Wanda bai san mu ba zai ce ba mu da lafiya, to ya faɗa, bakinsa ne. Mu dai mun san abin da ya same mu.

Ina sakandare lokacin. Baba ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya, ya gaji da hayar cikin gari ya gina ɗan gidansa a Tungan Maje. Akwai wani mutum da muke kira Kawu, ba don mun haɗa jini ba. Yana harkar lemo da abarba a kasuwar Zuba, sahu ɗaya suke sallah da Baba, kuma bai taɓa shigowa gidanmu hannu rabbana ba. Mutum ne mai tambaya cikin fara'a. Alhaji ya dawo? Motar nan tasa har yanzu tana ba shi wahala? Ta'aziyyar nan ta Kaduna yaushe zai je, in haɗa masa kwandon lemo ya kai musu? Kowa ya amsa masa, ni da ƙannena da Mama da Baban kansa. Me za a ɓoye wa wanda ke sa hannu a kwano ɗaya da mai gida?

Aka tare Baba a hanyar Kaduna ranar da ya ce zai tafi. Da la'asar wayar Mama ta yi ƙara, lambar Baba ce, muryar ba tasa ba. Ina tsaye kusa da ita na ji mutumin yana tambaya ko ta san mai wannan wayar. Sauran labarin ba na son jan sa. Aka sayar da abin da aka sayar, aka yi makonni, Baba ya dawo a rame, ƙafafu a kumbure. Abu biyu kawai ya taɓa gaya mana game da dajin da aka tsare shi. Duk lokacin da za a sauya masa wuri sai an ɗaure masa ido da tsumma don kada ya gane hanya, ya ce wannan ya fi masa duka ciwo. Sannan wata rana shugaban masu garkuwar yana waya kusa da shi, ya ji dariyar Kawu ta fito daga cikin wayar. Kafin Baba ya dawo, Kawu ya riga ya ɓace daga Zuba, har rumfarsa wani ya shiga. Mama ta ce da ɗan gari akan ci gari, kuma tun daga ranar ba ta sake sayen lemo ba.

Baba bai daɗe ba ya ajiye aiki. Motarsa da aka tsinto a bakin hanya aka rufe ta da tamfol a tsakar gida, sai ta kama dole yake tayar da ita. Yana wuni a falo a kujerar da ke kallon ƙofa. Ni kuwa abin da na koya shi ne duk wanda ya yi mini tambaya yana murmushi, akwai wanda zai kai wa amsar.

Da wannan kan na shiga jami'a can wajen Gwagwalada. Tsakaninta da gidanmu ba wata tafiya ba ce, amma Mama ta ce ɗakin kwanan ɗalibai zan zauna, wai mai bin hanya ɗaya kullum a lokaci ɗaya shi ake tarewa. A makon farko wani malami ya ce kowa ya tashi ya gabatar da kansa, ya faɗi jiharsu da unguwar da yake zaune. Ina ganin layi yana matsowa kaina. Saura mutum biyu na miƙe kamar mai neman banɗaki, na je na tsaya a bayan gini har aka tashi. Daga nan kujerar baya kusa da ƙofa ta zama tawa. Idan aka raba aikin rukuni, sai in yi shi duka ni kaɗai in miƙa musu, don kada wani ya nemi lambata. 'Yan ajinmu suka sa mini suna Hajiya ba-a-magana, suka ce girman kai ne. Na ji daɗin hakan sosai, don mai girman kai ba a cika damunsa da tambaya ba.

Mutum ɗaya ce ba ta ji wannan labarin ba, ko ta ji ta toshe kunne. Ita ce mai gadon da ke saman nawa. Kirista ce daga can cikin duwatsun Filato, 'yar siririya mai manyan idanu, tana zaune wurin gwaggonta a Maraba idan an yi hutu. Mu huɗu ne a ɗakin, amma sauran biyun kwana kawai ke kawo su. Ita kuwa ta maƙale mini kamar ƙaska. Ba ta iya zuwa cin abinci ita kaɗai, ba ta iya barci sai kowa ya dawo ɗaki, kuma bakinta ba ya rabuwa da tambaya, da Hausar nan tata da ba ta raba mace da namiji.

"Sista, ina ka je? Na nema ka tun safe."

"Laburare."

"Wane lokaci ka fita? Da wa? Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Sai in dube ta sama da ƙasa in ce mata ni ba fursuna ba ce. Ta yi dariya, gobe ta sake. Idan ta dawo daga wurin gwaggonta kuma sai ta zo da acca da dankali, ta dafa ta turo mini kwano gabana. Ina ci, don girkinta akwai daɗi, amma kowace loma sai zuciyata ta tuna mini cewa Kawu ma da lemo ya fara.

Ranar da na tabbatar wa kaina akwai wata a ƙasa, zan je kasuwar Gwagwalada ne. Ta rako ni bakin get ba tare da na nema ba. Na shiga keke, muna tashi na waiwaya, sai na ga ta ɗaga waya tana ɗaukar bayan keken. Na buga wa mai keke kafaɗa ya tsaya, na sauko na nufe ta.

"Me kika ɗauka?"

"Lamba ne kawai, sista. Saboda wan-cans."

Na san wan-cans, wa bai san su ba a Abuja, motocin da ke ɗaukar fasinja su kwashe masa kaya su watsar da shi a hanya. Amma wan-cans a keke, da rana tsaka, a ƙofar makaranta? Na sa ta goge hoton a gabana. Ta goge idonta ya cika da hawaye, ni kuwa hawayen bai ce mini komai ba, don na san abin da aka goge a waya ba ya tafiya da nisa. Kasuwar da ban je ba ke nan. Na koma ɗaki na kwanta ina lissafin wa za ta tura wa.

Gaskiya ɗaya ce, ba mugunta kaɗai na gani a wurinta ba, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da zazzaɓi ya kwantar da ni, ita ta yi ta jido mini ruwa daga ƙasa, ta wanke mini kaya, ta zauna a bakin gadona tana yi mini fifita da kwali. Da aka tilasta mana kowa ya fito gaban aji ya yi bayanin aikinsa, na rasa inda zan gudu. Ba kwas ɗinmu ɗaya ba, amma ta shigo ta zauna a layin gaba ta ce in kalle ta ita kaɗai, in ɗauka sauran duk buhunan dankali ne. Haka na yi, na gama ban faɗi ba. Na so yarinyar nan, na faɗa ba tare da kwana-kwana ba. Sai dai duk ranar da na ji na saba da ita fiye da jiya, ranar nake sake duba kwaɗon akwatina.

Na gaya wa Mama labarinta a waya. Ta ce ruwa ba ya tsami banza, in yi mata fara'a amma in kama bakina, ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Ta ce musamman kada in kuskura ta san gidanmu.

Maganar gidan kuwa ita ce ta fi nacewa a kai. Wata rana muna tsince shinkafa ta sake tayar da ita, wai idan wani abu ya same ni ina za ta je ta faɗa. Na ce a raina me zai same ni in ba ta san wani abu ba? Na gaji, na ce mata Maitama. Sau ɗaya na taɓa zuwa Maitama a rayuwata, da Baba ya kai mu gaisuwar sallah gidan tsohon ogansa. Abin da na tuna shi ne katangu masu tsawo da masu gadi a kowace ƙofa, na ce a raina duk wanda ya aiko ta ya je can ya gwada. Ta tambayi wane layi. Na ce kusa da wani ofishin jakadanci, gida mai baƙin get da bishiya a gaba. Wanda ya san Maitama ya san na kwatanta mata rabin unguwar ne. Ta gyaɗa kai tana maimaitawa a hankali, baƙin get, bishiya.

Da jarrabawar ƙarshen zango ta zo ƙarewa, ta tambaye ni ranar da zan tafi gida. Na ce Asabar. Ta sa na yi mata alkawarin ba zan tafi ba sai ta raka ni, kuma ina isa zan kira ta. Na yi alkawarin, ai baki ne. Ranar Alhamis da safe ta tafi rubuta takardarta ta ƙarshe, ni kuwa na yi yadda muke yi a gida. Na bar silifas ɗina a bakin gado, na jiƙa kaya a bokiti, na bar buroshi da sabulu a taga, bargo a yamutse. Na ɗauki 'yar jakar hannu na fita kamar mai zuwa sayen kati. Ina shiga mota na kashe waya. Kafin azahar ina cin ɗanwaken Mama a Tungan Maje, raina fes, ina jin na yi dabara.

Ranar Asabar da hantsi na kunna wayar don in tura mata cewa na isa, tunda ranar na ce mata. Saƙonni suka yi ta shigowa kamar ba za su ƙare ba, duk nata. Ina kake. Abeg ka ɗauka. Sista don Allah. Ban gama karantawa ba wayar ta yi ƙara a hannuna, lambarta ce. Na ɗauka da niyyar in wanke ta tas, sai na ji muryar namiji.

"Hajiya, kin san mai wannan waya?"

Na zauna a kan turmi. Kalmomin da aka yi wa Mama ne, ba a canza ko ɗaya ba. Mutumin ya ce shi mai gadi ne a Maitama. Sun kama wata yarinya wadda tun jiya take bin gida-gida tana nuna hoton wata mai hijabi, tana tambayar ko nan ne gidansu. Yau ta dawo, suka riƙe ta, suka duba wayarta suka ga babu komai sai hotunan lambobin motoci. Ta ce wai ƙawarta take nema, wannan lambar kuma ita ce ta ƙawar. Idan gaskiya ne in zo da kaina, in ba haka ba za su miƙa ta ga 'yan sanda a matsayin mai yi wa masu garkuwa leƙen asiri. Can baya na ji kukanta tana cewa sista, kana da rai? Sai ya kashe.

Mama ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Da na gama yi mata bayani, abin da ta fara kamawa ban zata ba.

"Maitama? Duk unguwannin Abuja ki rasa inda za ki ce sai Maitama? Ai kin ce musu ubanki yana da kuɗi ke nan!"

Sannan ta dawo kan maganar. Ta ce tarko ne, kuma ko yaro ya gani. Sun rasa gidan, shi ne suka shirya wannan wasan don in kai kaina. Ta ce babu inda zan je, in cire layin in karya shi. Ni ma abin da na gani ke nan. Hotunan lambobin motoci, ai masu gadin ma abin da na gani suka gani. Na ji wani irin sanyi a raina cewa ashe ba hauka nake yi ba. Amma kukan nan da na ji ya ƙi barin kunnena, don na san muryarta idan tana roƙo, kuma ban taɓa jin wannan ba.

Ba mu san Baba yana saurare ba sai da muka ji shi a bakin ƙofar falo, hula a kansa.

"Ɗauko mayafinki."

Mama ta ce, "Alhaji, kai da bakinka?"

Ya ce, "Idan tarko ne, a tsakiyar Maitama da rana ba za su iya komai ba. Idan kuma ba tarko ba ne, akwai 'yar mutane a zaune tana kallon ƙofa ko wani zai zo. Na san wannan zaman."

Ya yaye tamfol da kansa. Motar ta yi tari ta tashi. Mama ta bi mu har get tana addu'a tana faɗa a haɗe, ta ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kuma kada mu kuskura mu sauka daga motar sai mun ga komai da idonmu. Duk hanyar Kubwa hannun Baba biyu suna kan sitiyari. Ni kuwa idona yana kan madubi, duk motar da ta daɗe a bayanmu sai na haddace kalarta.

Mun same su a ɗan ɗakin masu gadi da ke bakin wani layi. Maza huɗu ko biyar, da wani direba da mai ban ruwan fulawa da suka zo kallo. Tana zaune a ƙasa kan siminti, takalminta ɗaya ya tsinke, ƙafafunta sun yi futu-futu, leɓenta ya bushe. Ba su dake ta ba, amma an ja ta, hannun rigarta ya yage. Tana ganina ta yunƙura za ta tashi, wani ya daka mata tsawa ta koma. Sai kallona take daga kai har ƙafa kamar mai ƙirga ko akwai abin da ya ɓace a jikina.

Babbansu, wanda ya kira ni, ya gwada fuskata da hoton. Ya ce to, ke ce. Ya tambaya ko na san ta, na ce ɗakinmu ɗaya a makaranta.

"To wane gida ne naku a nan? Mu mun san kowa a layin nan, ba mu san ki ba."

Duk suka zubo mini ido. Abin ya dawo kamar ranar nan a aji, sai dai yau babu banɗakin da zan gudu. Na dubi Baba, ya kawar da kai, ya bar ni da kayana. Idan na ƙirƙiro wani gida za su gane, su haɗa ni da ita. Idan na faɗi gaskiya, na faɗa wa maza shida ko bakwai da ban sani ba, da ita, inda muke kwana. Shekaru ban furta sunan unguwarmu a gaban baƙo ba.

"Ba a nan muke ba," na ce. "Ni na ce mata nan ne."

"Ina kuke?"

Sai da ya maimaita. Na ce Tungan Maje, muryata kamar ba tawa ba. Direban nan ya fashe da dariya, wai daga Tungan Maje zuwa Maitama ai an yi ƙarin girma. Na ji kamar in shaƙe shi. Baba ya matso ya yi musu magana a hankali, ya ce 'yarsa ce, wannan kuma ƙawarta ce, gidansa ya taɓa shiga wani hali shi ya sa yaransa ba sa faɗin gida. Babban ya dubi Baba da kyau, ban san me ya gani ba, ya ce Allah ya kiyaye gaba, oga. Ya miƙa mata wayarta, ya ce ta daina ɗaukar lambar motocin mutane, wata rana ba za a tsaya tambaya ba.

Muka shiga mota, ni da ita a baya. Na shirya faɗa tun daga Kubwa, don a ganina ita ta jawo mana wannan tonon silili. Ta riga ni magana, ba ta ɗaga murya ba.

"Ka bar silifas naka. Ka bar kaya cikin bokiti."

Na ce to sai me.

"Mama na ma haka ya bari."

Ta ce tana firamare uwarta ta jiƙa kaya da safe, ta ce za ta kai dankali kasuwa ta dawo ta wanke. Ta raka ta bakin hanya, ta ga ta shiga mota, ta ɗaga mata hannu. Ba a sake ganinta ba, babu gawa, babu waya, babu wanda ya nemi komai. Da aka fara cigiya kowa ita yake tambaya, wace mota ce, wace kala, lamba nawa, ita kuwa ba ta duba ba. Kayan suka kwana uku a bokiti don babu wanda ya yarda ya taɓa. Ta ce da ta dawo ɗaki ranar Alhamis ta ga nawa bokitin, ta jira har gari ya waye, ta tambayi kowa aka ce ai hutu ne, kowa tafiya yake. Sai ta hau mota ta zo ta gaya wa iyayena tun da wuri, don kada a makara kamar wancan karon.

Ban rungume ta ba, kada in yi ƙarya. Kunya ta kama ni, tausayi ya kama ni, amma can ƙasan zuciyata wata murya tana cewa labari ne mai kyau, kuma duk mai son shiga gidan mutane da labari mai kyau yake zuwa. Tsoro iri ɗaya ne ya raine mu, ita ya koya mata riƙe mutum, ni ya koya mini zillewa, aka kuma rasa inda za a haɗa mu sai gado ɗaya sama da ƙasa.

Baba ya tada mota. Ya ce, "'Yata, ba za ki koma wurin gwaggonki a haka ba. Mu je gida ki yi wanka ki ci abinci." Na zaro ido ina kallonsa ta madubi, bai kula ni ba. Ita ta ga fuskata. Muna wuce Dei-Dei sai ta kwance ɗankwalinta, ta ninke shi, ta ɗaure idonta da shi, ta ɗora hannuwanta a cinya.

Na ce, "Ke, meye haka?"

"Don kar ka ji tsoro na san hanya, sista. Ni ina so in ga kana lafiya ne kawai."

Baba ya taka birki har motar bayanmu ta yi mana hon. Ya gangara gefen titi ya tsaya. Bai juyo ba, ya ce, "Cire wannan abin." Ba ta motsa ba. Ya ce, "Don girman Allah ki cire. Ba a ɗaure ido a motata."

Ta cire. Ya hau titi, sai ya fara faɗin hanya da ƙarfi, shi da ko maƙwabcinmu ba ya gaya wa zai je masallaci. Nan Zuba ne, ga kasuwar 'ya'yan itace can. Nan za mu karya mu ɗauki hanyar Gwagwalada. Kin ga gidan man can, bayansa za mu shiga. Kin ga mai faci, sai ki yi hagu. Tana maimaitawa a hankali, mai faci, hagu, kamar yadda ta maimaita baƙin get da bishiya. Na san dalilinta yanzu, na ji shi da kunnena, amma duk kwanar da ta maimaita sai idona ya koma kan madubi ina duba motocin bayanmu.

Mama ta buɗe get ta gan mu mu uku. Ta dubi Baba, ta dubi yarinyar, ta dubi ƙafafunta. Ta amsa gaisuwarta a daƙile, ta kai mata ruwan wanka, ta ba ta zanenta da silifas, ta cika mata kwano da shinkafa da wake har sau biyu. Duk wannan idonta bai bar kanta ba, kuma na lura ta ja ƙofar ɗakin Baba ta rufe.

Bayan la'asar na raka ta bakin titi. Mota ta tsaya, ta shiga ta zauna a baya. Direban wani ne mai baƙin tabarau, akwai maza biyu a ciki da ban ji sun kwanta mini ba. Kafin in yi tunani na ga wayata a sama, na ɗauki lambar motar. Ta gan ni ta taga, ba ta yi dariya ba, ta gyaɗa kai kawai.

Na dawo gida na zauna a kan turmi da waya a hannu. Maraba akwai nisa, ga cunkoso, na san haka, amma na duba wayar nan har ban san iyaka ba. Mama tana ta kai da kawo a tsakar gida, tana share inda ta riga ta share, ba ta ce in kashe wayar ba. Ana kiran magariba saƙon ya shigo. Na isa.

Mama ta tsaya da tsintsiya a hannu.

"Ta isa?"

Na ce ta isa.

Ta sauke numfashi ta ce alhamdulillahi. Sannan ta ce in shiga ɗakinta in duba cikin kwalla, akwai sabon kwaɗo, in kawo mata ta canza na get. Na kawo, na riƙe mata ƙofar har ta gama.